Farin Tabo a Harshen Mama

Mahaifiyata ba ta cin abinci sai da yaji, kuma ba yajin wasa ba. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosanta a bakin titin Kakuri ya san in ta ce maka kaɗan ta zuba, to ka ajiye ruwa kusa. Shi ya sa ranar da na ga ta ture kwanon miya gefe tana cin tuwo da ɗan manja kawai, na tsaya ina kallonta. Na tambaye ta ko azumin yaji aka sa musu a coci ban ji sanarwa ba. Ta harare ni, ta ce harshenta ne ta cije wajen shan rake, zai warke.

Bai warke ba. Ina rubuta wannan ne bayan mun binne ta. Sunana Rahila, ni ce autarta, ɗinki nake yi a Makera. Ban yi karatun likita ba, kuma ba na son dogon surutu a kan abin da ban sani ba, amma abin da idona ya gani a cikin shekarar nan zan faɗe shi yadda yake, ko wani ya karanta ya koma gida ya leƙa bakin tsohuwarsa.

Sunanta Saratu, amma ba mai kiranta haka sai katin asibiti. Maman Ishaya kowa ya sani, da sunan yayana. Ta yi ƙuruciyarta a masaƙa, a sashen zare, har ranar da aka rufe ƙofa aka ce kowa ya kama gabansa. Daga nan ta koma suyar ƙosai, da shi ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Amma in ka tambaye ta sana'arta, ƙosai ba ya zuwa bakinta da farko. Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinmu. Ita ke ɗaga murya, sauran mata su amsa, masu tulu su bi da kiɗa. Muryarta ba siririya ba ce, tana da kauri da ɗan gurnani a ƙasa, irin wadda ta saba magana a cikin ƙarar injuna. In ta fara, har masu gyangyaɗi a bencin baya sai sun gyara zama.

Da na matsa mata ta buɗe bakin na duba, abin da na gani bai ba ni tsoro ba ko kaɗan. Wani ɗan farin tabo ne a gefen hagu na harshe, bai kai faɗin farce ba, kamar an ɗiga madara ta bushe. Wannan kafin Ista ne. Na je kemis na kwatanta, mai kemis ya ce zafin ciki ne da ƙarancin bitamin, ya ba ni ƙwayoyi da wani shuɗin magani na shafawa. Makon nan gaba ɗaya bakin Mama shuɗi yake, jikokinta na bin ta suna dariya, ita ma tana fito musu da harshe tana tsorata su.

Mako ya zagayo, shuɗin ya wanke, tabon na nan. Daga nan kowa a unguwa ya zama likita. Wannan ta ce zuma, waccan ta ce a jiƙa bagaruwa a kurkure, wata ta ce ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma. Mama duk ta yi, don ba ta iya ƙin abin da aka kawo mata da hannu biyu. Sai Ishaya, wanda keken haya mai ƙafa uku yake tuƙawa, ya zo da labarin wani mai cire haƙori a Nasarawa da ya taɓa ɗauka. Mutumin ya leƙa da tocila, ya ce wani turmin haƙori ne ya yi kaifi yana gogar harshen, in an cire shi magana ta ƙare. Aka cire haƙori lafiyayye, muka biya, har da godiya.

Maganar ba ta ƙare ba. Tabon ya buɗe ya zama miki, gefensa ya yi tauri, tsakiyarsa ja. Mama ta fara cewa kunnenta na hagu na yi mata ciwo, ta fara tauna abinci da gefe ɗaya. In tana magana kusa da kai sai ka ji wani ɗan wari da ba nata ba, don mace ce da ba ta rabuwa da asuwaki. A nan ne na ce ko a so ko a ƙi, asibiti za mu.

A Zumuntarmu akwai wata al'ada mai kyau: ba a barin 'yar Zumunta ta je asibiti ba tare da wata 'yar'uwa ba, ko da 'ya'yanta na nan. Wadda ta raka mu ita ce Mama Ladi, aminiyarta tun masaƙa. Injinsu na kusa da juna, tare aka sallame su, tare suke zama a coci, kuma ita ce mataimakiyar shugabar mata. Ta ɗauro zanen Zumunta da ɗankwalinsa kamar za ta taro.

Wanda bai taɓa layin asibitin gwamnati ba, kada ya ce ya san haƙuri. Layin kati daban, layin biya daban, layin jiran a kira ka daban, kuma duk inda ka kai gaba sai a ce ba nan ba ne, koma can. Wata nas ta daka wa Mama tsawa don ta zauna a bencin da ba nata ba, na buɗe baki zan rama, Mama ta matse mini cinya. Sai bayan rana ta take muka shiga sashen haƙori da muƙamuƙi.

Likitar yarinya ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta gaida Mama da ladabi da Hausarta mai ɗan gargada, ta sa safar hannu ta taɓa mikin, ta lalluba wuyanta da ƙasan haɓa a hankali. Sannan ta zauna ta fara tambaya: tun yaushe, me aka shafa, akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi. Sai ta tambaya ko Mama na shan giya, ko taba, ko tana sa wani abu a baki.

Kafin Mama ta motsa, Mama Ladi ta gyara ɗankwali.

“Likita, wannan da kike gani ita ke ba da waƙa a gidan Ubangiji. Wace irin taba kuma?”

Mama ta kalli ƙasa ta ce a'a, ba ta taɓa ba. Ni ma na ji haushin tambayar, har na yi ƙaramin tsaki.

Likitar ba ta ja ba. Ta ce duk mikin baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, ba na jiyya a gida ba ne. Wannan maganar ta zauna mini a kai har yau. Ta ce tana so ta ɗebi ɗan nama daga gefen mikin, kamar ƙwayar shinkafa, a kai a gwada. In abin da take zato ne, wato ciwon daji, to yanzu ƙarami ne, wuyan bai kumbura ba, ana iya yanke gefen harshen a rabu da shi.

Mama ta ɗago kai. “'Yata, in an yanke, zan yi magana?”

“Za ki yi, Mama. Za ta ɗan canja, amma za ki yi.”

“Waƙa fa?”

Likitar ta ce wannan ba za ta yi mata alkawari ba. Na so a ce ta yi ƙarya a lokacin, amma yanzu ina girmama ta da ba ta yi ba. Ta ba mu ranar da za mu dawo a ɗebi naman.

Ba mu koma ba. A cikin keke ma Mama Ladi ta fara cewa kada a yarda a taɓa ta, kafin mu kai gida maganar ta riga mu isa. Abin da kowa ya sani a wajenmu, Kirista da Musulmi, shi ne daji ba ya son ƙarfe. In yana kwance lafiya ka taɓa shi da wuƙa ko allura, ka tsokane shi, sai ya fusata ya bazu a jiki. Kowa na da misali. Mijin wance an yanka shi bai yi wata ba ya tafi. Ƙanwar wane daga allura ɗaya ƙafarta ta kumbura. Aka taru a tsakar gidanmu, aka kira Kawu daga ƙauye aka sa wayar a tsakiyar tabarma yana ta ihu don a ji shi. Ya ce kada wanda ya kuskura ya sa wa 'yar'uwarsa ƙarfe a baki, akwai mai magani a wajensu da ya san kan daji, zai aiko da shi ta mota.

Na yi magana, na yi faɗa, har na yi kuka. Aka ce ni yarinya ce, na ga farin kayan likita na ruɗe. Ishaya mutum ne mai son zaman lafiya fiye da kima, in manya biyu suka ce gabas ba ya kallon yamma. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya ce a ganinsa a bi maganar likita a haɗa da addu'a, amma bai matsa ba, ya ce shawara ta iyali ce. Wadda ta fi kowa zafi ita ce Mama Ladi. Ta ce ba daji ba ne ma, ta rantse ba daji ba ne, likitocin yanzu ne da son yanka.

Ita kuwa mai ciwon tana zaune a kujerarta, ta bar su sai da kowa ya gaji. Sannan ta ce babban taron mata na shekara na zuwa bayan damina ta yi nisa, cocinmu ne zai buɗe da waƙa, kuma ita aka sa. A bar ta ta yi wannan. In ya wuce, a yi da ita yadda aka ga dama. Na gane a ranar cewa ba ƙarfen take tsoro ba. Maganar ƙarfe inuwa ce ta samu ta fake.

Haka damina ta same mu da jarkar maganin ƙauye, baƙi ƙirin, mai ɗaci da warin hayaƙi. Ana sha, ana kurkurawa, akwai kuma garin da ake barbaɗawa a kan mikin, wanda in ya taɓa sai ta runtse ido ta riƙe ƙafar kujera. In na ce abin fa ƙaruwa yake, sai a ce maganin ne ke jawo dafin waje. Ta daina cin tuwo ta koma fate, daga fate ta koma kunu. Zanenta ya fara zagaya ta har da saura. Amma kullum da yamma tana wajen koyon waƙa, ta sha maganin kashe zafi kafin ta fita, ta dawo ta kwanta ba ta iya ko amsa sannu.

Ranar taron na je. Mata cike da fili, kowace ƙungiya da kalar zanenta. Mama ta fito gaba, ta ɗaga hannu, ta ba da waƙa. Muryar na nan, ba ta gudu ba, amma kalmomin suna fitowa da nauyi kamar mai magana da ruwa a baki. Wanda bai san ta ba ba zai lura ba. Matanmu sun lura, sai suka ƙara ƙarfin amshi suna rufa mata. Ta kai waƙar har ƙarshe, aka yi guɗa aka yi tafi. Na same ta a bayan rumfa ta jingina da turke tana tofa jini a cikin hankici. Ta kalle ni tana murmushi ta ce, “To, yanzu kai ni.”

Lokacin da muka koma, akwai ƙullutu a ƙarƙashin muƙamuƙinta kamar ɗanyar gwaba, kuma bakin ba ya buɗuwa sosai. Likitar ta gane mu. Ta taɓa wuyan, na ga yadda fuskarta ta sauya, amma ba ta yi mana faɗa ba. Da ta yi da na fi jin sauƙi. Aka ɗebi naman a ranar. Sakamako kuwa sai da muka yi ta sintiri, don ma'aikatan ɗakin gwaji sun shiga yajin aiki, kullum a ce a dawo wani mako. Da ya fito, daji ne, ya kama ƙashin muƙamuƙi ya sauka wuya.

Aka tura mu wani babban asibiti a wajen gari. Can manyan likitoci suka taru a kanta da ɗalibansu, suna magana da Turancin da ko ni da na gama sakandare ban tsinci komai ba. Wanda ya yi mana bayani ya ce aikin da a da zai ci gefen harshe, yanzu sai ya ci harshen kusan duka da rabin muƙamuƙi, kuma ko an yi ba tabbas, ga jikinta ya yi rauni. Suka ce a fara da maganin ƙarin ruwa na daji, sannan gashi da na'ura. Na'urar mun tarar ta lalace, masu jira sun fi a ƙirga, wasu daga jihohi masu nisa suna kwana a baranda. An yi mata ƙarin ruwan, ya zubar mata da gashin kai ya sa ta amai, ƙullutun ya ɗan sauka ya sake tasowa. Gashin na'ura har ta bar duniya layi bai zo kanta ba.

Kuɗi kuwa kada ma a yi maganarsa. Keken ɗinkina ɗaya ya tafi, kaskon ƙosai da murhun suka bi shi. Ishaya ya koma fita tun safe har duhu, ya zo ya juye aljihunsa a kan tebur bai ko kalle ni ba, don kunyata yake ji. Amma ba zan ci amanar alheri ba. Matan Zumunta sun yi karo-karo ba sau ɗaya ba. Abokan Ishaya na tasha sun kai mu sun dawo da mu ba su karɓi ko sisi ba. Hajiyar da ke katanga ɗaya da mu kullum sai ta aiko da kunun gyaɗa da ta tace sau biyu don ya wuce maƙogwaro. Akwai kuma wata nas a babban asibitin da ta koya mini yadda ake wanke mikin ba tare da na ji ƙyama ko na ji mata ciwo ba. Allah ya saka musu.

A wani zuwa da muka yi asibitinmu na gari don a duba ta, likitar nan ta farko ta roƙi alfarma. Ta ce suna wani bincike a kan masu ciwon dajin baki da muƙamuƙi, suna so su gane me mutane ke sa wa a baki, me suke fara yi in miki ya fito, kuma me ke hana su zuwa da wuri. Ta ce ba dole, kuma ba za a sa suna ba. Ranar Mama Ladi ta fita sayo ruwa, daga ni sai Mama. Maganarta a lokacin ta yi nauyi ƙwarai, ni nake fassara wa mutane. Ta nuna mini ƙofa in tura. Sannan ta ce a gaya wa likita, waccan amsar ta farko ba gaskiya ba ce.

Tabar gari take sa wa, mai kanwa, a gefen hagu tsakanin harshe da dasashi. A masaƙa ta koya. Ba a kunna sigari kusa da auduga, ga tsayuwar awoyi a gaban inji, ga barci, in ka yi gyangyaɗi zare ya tsinke ko inji ya ci yatsa. Sai manyan mata suka koya wa ƙanana ɗan tsunkule a kunci, ido ya buɗe. Masaƙa ta mutu, tabar ba ta sake ta ba. Tana ɓoye battar a cikin buhun wake, kuma asuwakin da muke yaba mata na kashe wari ne. Na girma a ɗaki ɗaya da matar nan ban taɓa sani ba. Ban ji haushinta ba, tausayi ne ya kama ni, na tuna yadda ta sunkuyar da kai ranar da aka tambaye ta a gaban zanen Zumunta.

Likitar ta yi godiya, ta rubuta. Na tambaye ta maganar ƙarfe, don ta tsaya mini a rai. Ta ce ita ma abin da ta fi ji ke nan daga bakin masu jinya. Mutane na zaune da ciwon a gida sai ya ci ƙarfinsu, sannan a kawo su, a taɓa, su mutu, sai a ce wuƙar ce. Wanda aka yi wa da wuri ya warke kuwa ba ya yawo yana ba da labari, don ba ya son a san ya yi daji.

Watannin ƙarshe a gida muka yi su. Ba zan faɗi komai ba, akwai abin da ya kamata ya tsaya tsakanina da ita. Miyau ba ya tsayawa, sai tawul a ƙarƙashin haɓa, a canja, a wanke, a shanya. Warin ya kai sai mun kunna turare kafin baƙi su shigo, ita kuma ta sani, sai ta juya fuska bango. Kunu da cokali ya gagara, aka sa mata roba ta hanci, ina ɗura mata da sirinji. Maganin zafi mai ƙarfi samunsa aiki ne, wani lokaci a zagaya gari a dawo hannu wofi, in zauna in riƙe mata kai tana nishi. Magana ta ɗauke gaba ɗaya. In tana son abu sai ta ƙwanƙwasa ƙarfen gado da cokali. Matar da ake jin muryarta daga bakin titi.

Mama Ladi kullum tana nan. Ita ke wanke tawul ɗin da ko ni sai na ɗaure fuska. Ni kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a daƙile. Duk sanda na gan ta durƙushe a bakin famfo sai in ji kamar in ƙwace bokitin in ce ta tafi gidanta. Ta san haka, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba.

Wata rana da la'asar ina tsakar gida ina tace kunu, na ji cokali na dukan gado ba ƙaƙƙautawa. Na shiga da gudu. Mama ta riƙo haɓar Mama Ladi da hannu ɗaya, hannun da ko kofi ba ya iya ɗagawa, tana ƙoƙarin cusa mata yatsa a baki. Mama Ladi na ja da baya tana cewa, “Maman Ishaya, bari mana. Don Allah ki bari, ga yarinya.” Mama ba ta saki ba. Ta kalle ni, ta nuna wayata, ta nuna bakin.

Na kunna fitilar waya. Mama Ladi ta rufe ido, hawaye na zuba, ta buɗe baki da kanta. A cikin kuncinta na dama akwai farin tabo, ya ɗan fi na Mama na farko faɗi.

Ta zame ta zauna a ƙasa. Ta ce batta ɗaya suke sha tun suna 'yan mata, ita ce ma ta fara miƙa wa Mama. Ta ce nata tabon ya riga na Mama fitowa. Ranar da likita ta ambaci daji, ta ji kamar ita aka gaya wa, kuma ta ga in aka gwada na ƙawarta ya tabbata, to nata ma ya tabbata. Shi ya sa ta dage. Ta ce ba ta yi don mugunta ba, tsoro ne, kuma da gaske ta yarda da maganar ƙarfen don tana bukatar ta yarda.

Mama ce ta yi magana. Ta yi ta kokawa da bakinta, jini da miyau na gangarowa, har ta fitar da kalma biyu da kowa a ɗakin ya ji sarai.

“Ki je.”

Su ne kalmomin ƙarshe da na ji daga bakin mahaifiyata. Ta rasu wata rana da safe, ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, ina goge mata fuska. Matan Zumunta sun yi mata waƙa har bakin kabari. Ban iya tsayawa kusa da su ba.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. In ka ga tabo fari ko ja a bakin wani naka, ko miki, ko ƙullutu a wuya, ya ƙi tafiya, kada ka tsaya kemis, kada ka tsaya bagaruwa. In likita ya fara tambaya, ku 'yan rakiya ku fita ku ba mutum wuri, ko da ku ne aminansa, don akwai abin da ba ya faɗuwa a gaban wanda ake jin kunya. Iyayenmu da suka yi aikin masaƙa kuma, a tambaye su a hankali, ba da tsawa ba. In an ce za a ɗebi nama, a bari a ɗiba.

Mama Ladi na nan da ranta. An gwada nata, an ce ya fara juyawa amma bai yi nisa ba, aka yanke wurin, yanzu sai ɗan tabon ɗinki da zuwa dubawa lokaci lokaci. Ni na kai ta ranar ɗibar naman gwaji, bayan an share makoki, don 'ya'yanta na nesa kuma ta ce ba ta so 'yar Zumunta ta raka ta. A layi ni na riƙe mata jaka. Da aka kira ta na zauna a benci na gyara zama, ina zaton za a daɗe. Ko kasko ɗaya na ƙosai ba zai soyu ba ta fito, da 'yar auduga a kunci, tana waige waige kamar wadda aka manta ba a gama da ita ba.

“Rahila, shi ke nan?”

Na ce shi ke nan, Mama.

Ta taɓa kuncinta. Ta dube ni, ta dubi ƙofar da ta fito. Sai ta durƙushe a nan tsakiyar baranda, mutane na ratsa ta da katunansu a hannu, ta ce da ƙaramar murya, “Wannan ne na hana ta?”